Makullin Tarakta da Gonar Malam Ilu

Na sha jinku kuna ba da labarin yadda na bar aiki a gidan Alhaji Bawa, musamman kai Sani, da kake zuba masa gishiri har ni kaina nakan kasa kunne in ji inda za a ƙare. A bakinku, babanku ya jefa wa attajiri makullin tarakta a gaban jama'a, ya juya bai ko waiwaya ba. To, ban jefa wa kowa komai ba. Maigadi na miƙa wa makullin, da hannu biyu ma, na ce ya ajiye. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, bari in rubuta muku abin yadda ya faru, domin akwai mutum guda da kuke tsallakewa kullum. Ba laifinku ba ne, ni ne ban taɓa sa shi a ciki ba.

Shekara goma sha huɗu na yi ina tuƙa taraktar Alhaji Bawa a Ƙarfi. Babban manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, gonakinsa tun daga bayan gari har bakin hanyar Malumfashi, kuma a ɓangarenmu a lokacin taraktarsa ce kaɗai ake samu haya. Tsarin aikin shi ne, da ruwan farko ya sauka ƙasa ta jiƙa, sai in fara da gonakin Alhaji, kwana huɗu ko biyar, in yi haro in farfasa ƙasa, sannan in yi huɗa. In na gama sai in shiga gonakin mutanen gari da suka kama layi. Layin nan ba a takarda yake ba, a kaina yake. Mutum zai tare ni tun rani, a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi, ya ce Garba kada ka manta da ni bana, in ce ka shiga. Shi ke nan, magana ta ƙare. Kuma ba wanda ya riga zuwa nake fara yi wa ba, ƙasa nake bi. Na san gonar da take jigawa, wadda za ta iya jira ko mako biyu ne, na kuma san wadda take laka, wadda in aka yi ruwa uku ba a shige ta ba, tarakta ba ta ƙara taka ta sai baɗi, don nutsewa za ta yi har ciki. Alhaji bai san da wannan ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Shi dai yana ganin aiki na tafiya, babu wanda ya zo masa da ƙorafi.

Albashina kuwa shekara shida yana nan inda aka ajiye shi. Da farko yakan kai mu ƙarshen wata, daga baya sai ya zama tun tsakiyar wata Innarku ta fara rage hannu a tukunya, tana cewa wai ita ba ta jin yunwa. Ba zan ce muku Alhaji mugun mutum ne ba, don ƙarya ce. In Sallah ta zo akwai shadda, in azumi ya kama akwai gero da sukari, ragon sunanka ma Sani daga garkensa ya fito. Sai dai duk wannan kyauta ce, ran da ya ga dama, ni kuwa abin da nake nema shi ne wanda zan ce nawa ne, gumina ne. Kuma a yadda muka taso, mutum ba ya tsayawa gaban wanda ya yanka wa ɗansa rago ya ce masa ƙara mini kuɗi. Bakin ba ya buɗuwa. Don haka na bi hanyar da aka saba, na je wurin limamin unguwarmu na yi ta kewaye-kewaye har ya gane, ya ɗauki maganar ya kai. Bayan kwana uku ya dawo mini da amsa, fuskarsa a sake, shi a ganinsa albishir ya kawo. Ya ce ga abin da Alhaji ya faɗa:

"Garba ai ɗan gida ne. Bare ake ƙara wa albashi don kada ya gudu. Shi kuwa ina za shi?"

Wallahi ni ma kwana biyu na yi ina jin daɗin maganar, har na maimaita wa Innarku. Ita ce ta dube ni ta ce in sake faɗin rabin ƙarshen a hankali.

Duk da haka da na ci gaba da haƙuri, ba don abin da ya faru gab da kaka a shekarar ba. Wasu baƙi suka zo daga wani kamfanin iri, za su duba masarar da aka shuka a babbar gonar Alhaji. Tun da safe aka ce in wanke tarakta in kai ta bakin gona. Na wanke ta har tayoyi. Baƙin suka zaga, ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai tabarau, ya tsaya ya hango kunyoyin daga wannan kai zuwa wancan, ya ce shi dai a yawonsa bai cika ganin huɗa miƙaƙƙiya haka ba. Ina tsaye ina jinsa, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Alhaji ya yi murmushi, ya jawo hannun ɗansa Nasiru, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, ya ce ga mai kula da gonar nan. Aka ce za a yi hoto, Nasiru ya hau tarakta, bai ma san inda ake sa ƙafa ba sai da na nuna masa. Da mai hoto ya ɗaga kyamara, Alhaji ya yafuto ni da hannu.

"Kai direba, ɗan matsa can."

Na matsa. Ban ji haushin Nasiru ba, har yau muna gaisawa. Amma shekara goma sha huɗu, a ce sunana ya ɓace wa mutum a gaban baƙi, wannan ya tsaya mini a rai, na ci abinci da shi na kwana da shi har rani ya shigo.

A ranin na kai injin gyara Funtua, wurin Sunday bakanike. Iyayensa daga kudu suka zo amma a Funtua aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa ɗanɗano, kuma mun daɗe tare. Yana kwance ƙarƙashin injin na zazzage masa cikina. Ya ce akwai wani kamfanin gurzar auduga da ke neman direban babbar mota, albashin ya kusa ninka nawa, in ina so gobe ma ya kai ni. Sai dai ya ƙara da cewa in zan tafi in tafi yanzu da rani, in je in yi wa Alhaji sallama ta mutunci, kowa ya san inda ya kwana kafin ruwa. Shawara ce mai kyau, na kuma gode masa, amma ban ɗauka ba. Dalilin shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: ni ba tafiya nake so in yi ba. So nake a roƙe ni. So nake Alhaji Bawa ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidana, ko ya aiko babban mutum, a kira sunana a ce aikin nan ba ya yiwuwa sai da kai. Na kuwa san in na ajiye aiki da rani babu wanda zai ko lura, tarakta na kwance a rumfa. Sai na ƙudura a raina zan jira ruwan farko. A lissafina kwana biyu ya isa, a na uku ina kan kujerata da sabon albashi.

Yanzu ga mutumin da kuke tsallakewa. Malam Ilu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, ya girme ni da kamar shekara goma. Ku manyan kuna iya tuna shi, dogo mai ɗan rangwamen ji, wanda yake ba ku rake. Gonarsa guda ce, ta gado, a gangaren rafi, kashi biyu cikin uku laka ce baƙa wuluk, irin wadda in an same ta a kan lokaci masara take yi kamar ba gobe. Da shanun huɗa biyu yake noma ta, bai taɓa shiga layina ba. To, a wannan shekarar ɓarayin shanu suka matsa wa ƙauyukan da ke kewaye da mu, aka kwashe na wasu, masu shanu suka shiga sayarwa tun kafin a raba su da su a banza. 'Ya'yan Malam Ilu maza biyu suna kudu wurin nema, shi kaɗai ne namiji babba a gidan. Wata rana bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida, ya ce shawara ya kawo. Yana so ya sayar da shanun, amma yana tsoron damina.

"Garba, in na sayar da su, kai ne shanuna fa."

"Sayar da su, Malam Ilu. Ina gama na Alhaji, gonarka ce ta farko."

Lokacin da nake wannan maganar, shirin nan yana cikina. Ban ɗauke ta ƙarya ba, don a tunanina kwana biyu ba za su hana komai ba. Ran kasuwa ya kora shanunsa ya sayar.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Alhamis da yamma, mai kyau, har ƙasa ta yi ƙamshi. Juma'a da sassafe na sa rigata mai tsabta na je gidan Alhaji, na ba maigadi makulli na ce a gaya wa Alhaji Garba ya gode. Na dawo na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye waya a gefena da cikakken caji. Innarku ta leƙo ta gan ni a zaune da rana tsaka a ranar da duk garin yake gona, ta tambaya, na gaya mata. Sai ta ce:

"Malam, yaji ka yi ke nan. To, ni da na yi nawa, kai ka zo biko. Kai wa zai zo naka?"

Na ce ta koma ciki, wannan ba maganar mata ba ce. Ta koma tana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ranar farko shiru. Ta biyu shiru, sai masu layi da suka yi ta bugo waya, ina ce musu a ɗan yi haƙuri. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai in gyara zama in ɗaure fuska, in ga ashe mai kai yara makaranta ne. A rana ta uku da hantsi na jiyo ƙarar da ko a mafarki na san ta. Taraktata ce take wucewa ta bayan gari. Ashe tun ranar Juma'ar Alhaji ya buga waya Funtua, aka turo masa wani direba, Haruna, magidanci kamata. Daga zaure nake jin yadda yake danna giya da ƙarfi, na ce a raina bari dai, wannan kwana biyu zai kashe injin, su zo da kansu. Bai kashe ba. Direba ne sosai, hannunsa ne kawai bai saba da ita ba. Layi kuwa sai Nasiru ya buɗe sabo a littafi, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Tsari ne mai kyau a ido, babu wanda zai ce an yi son kai, sai dai littafin bai san laka ba bai san jigawa ba.

A rana ta huɗu Malam Ilu ya yi sallama a zaurena. Ya zauna, muka gaisa, ya yi maganar ruwa, ya yi maganar tsadar taki, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce ya je gidan Alhaji an rubuta sunansa, amma akwai mutum fiye da ashirin a gabansa. Ya yi wa Nasiru bayanin gonarsa, Nasiru ya ce kowa ma haka yake cewa, a bi layi. Ya nemi shanun haya, 'yan kaɗan da suka rage a gari duk an riga an kama su. Bai ce in koma aiki ba, ko kusa. Abin da ya roƙa ƙarami ne: in je in sami Haruna, direba da direba, in gaya masa wadanne gonaki ne ba sa jira. Ya ce shi in ya faɗa, mai gona ne yake kuka, amma ni in na faɗa za a ji.

Gaskiya ya faɗa, za a ji. Tafiyar ma ba ta fi a sha shayi a tashi ba. Amma ni abin da na hango shi ne a gan ni a gindin tarakta kwana huɗu da ajiye makulli, labari ya kai wa Alhaji cewa Garba ya fara zagaye, yunwa ta koro shi. Kuma can ƙasan raina, ina ganin in layin ya rikice, mutane suka yi ta kai kuka gidan Alhaji, shi ne zai sa a tuna da ni. Kun ji inda zuciya take kai mutum. Na ce wa Malam Ilu ya ƙara mini kwana biyu, magana tana gab da daidaituwa. Ya dube ni, ya sa hularsa daidai, ya ce to, Allah Ya kai mu. Da ya fita Innarku ta fito, wannan karon babu wasa a bakinta. Ta ce in ba na son ƙofar Alhaji, in tari Haruna a gona, ko in karɓi lambarsa in buga masa, wa zai gan ni? Na ce gobe. Goben ta zo na ce gobe.

Ruwa na biyu ya sauka a rana ta shida. Na uku ya zo a ta takwas, tun azahar ake yi har magariba, irin wanda kwatami ke cika ya tumbatsa. Ina zaune ina jinsa a kan kwano, na san abin da yake yi a gangaren rafi, babu wanda ya fi ni sani a duk Ƙarfi. Washegari, kwana tara cif da zamana, na naɗe tabarmar na nufi gonar Malam Ilu. Gefen ƙasa duk ruwa ya kwanta, ƙafa ma sai ta nutse har idon sawu. Shi kuma yana can gefen tudu shi kaɗai, da garmar hannu, mutum mai neman shekara sittin, yana tayar da kunya ɗaya-ɗaya. Ban yi masa dogon bayani ba, don babu bayanin. Na koma gida na ɗauko tawa garmar, wadda rabona da ita tun ina saurayi. Kwana shida muka yi, hannuna ya yi kanta ya fashe, muka samu muka tayar da gefen tudun aka shuka a makare. Lakar kuwa, inda abincin gidan yake fitowa, ciyawa ce ta noma ta a shekarar.

A duk kwanakin nan sau ɗaya ya taɓo maganar. Muna hutawa a gindin wata ɗorawa, ya sha ruwa ya miƙo mini butar.

"Ni ban ga laifinka ba a kan Alhaji, haƙƙinka ne ka nema. Da dai ka gaya mini tun rani, Garba."

Na karɓi butar. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba kafin nan, ban kuma sake jin irinta ba.

Daga nan na tafi Funtua. Allah Ya sa gurbin da Sunday ya faɗa yana nan, na kama tuƙin motar auduga, albashi mai kyau, ana kuma ƙarawa lokaci-lokaci ba sai an aika liman ba. Da shi kuka yi karatu, da shi aka yi wa gidan nan rufi. Don haka in kun tambaye ni ko barin aikin daidai ne, zan ce daidai ne, na ma makara. Alhaji bai taɓa aikowa ba. Bayan wata biyar muka haɗu a wata jana'iza, ya kama hannuna da fara'a ya ce Garba ka ɓuya, ya iyali. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ni da na yi kwana tara ina shirya amsar da zan ba shi, ashe shi abin ko a jikinsa.

Abin da Malam Ilu ya girbe bai kai su ko tsakiyar rani ba, ga gida mai baki tara. Na kai masa buhun masara biyu, ya karɓa ya yi godiya har na rasa inda zan sa fuskata, amma buhu biyu ba sa riƙe gida. Abin da 'ya'yansa suke aikowa bai taka kara ya karya ba. Kafin bazara ya sa gefen lakar a kasuwa. Ƙasa irin wannan kuwa, a lokacin da babu shanu a gari, ba mai iya sayenta sai wanda yake da abin shigarta a kan kari. Alhaji Bawa ya saya, kuma an ce bai taya ta da wulaƙanci ba.

Da damina ta zagayo, washegarin ruwan farko ina dawowa daga Funtua a bayan ɗan acaɓa, sai na hango tarakta a gangaren rafi. Tunda ta zama gonar Alhaji, ta shiga sahun farko ke nan. Haruna ya saba da injin, huɗarsa miƙaƙƙiya, baƙar ƙasar tana juyewa tana sheƙi. A kan iyaka, wajen ɗan abin da ya rage masa, Malam Ilu yana tsaye da garmarsa a kafaɗa yana kallo. Na ce wa ɗan acaɓan ya sauke ni a nan. Na ƙarasa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska kamar kullum, sannan ya nuna mini gonar da haɓa.

"Ka gani, bana an shige ta da wuri."

Na ce na gani, Malam Ilu. Muka tsaya nan mu biyu har Haruna ya kai ƙarshen kunya ya juyo.